Babi na Biyar: Garin Katako a Cikin Gam

Shin in aka zuba garin katako cikin gam aka dama ya yi kauri, zai riƙe haɗin da ya yi sako-sako? Duk wanda ya taɓa zama a rumfar kafinta yana jiran a gama masa benci ko ƙyauren taga ya ga ana yin haka. Yaron shago ya duƙa ya dumbuzo gari a ƙarƙashin teburin aiki, ya zuba a murfin gwangwani, ya tsiyaya farin gam, ya juya da tsinke, ya cusa a tsagar da ta ƙi haɗuwa, ya shafe da babban yatsa. Kafin la'asar wurin ya bushe, an bi shi da samfefa, an shafa fenti, ido ba ya ganin komai. Mai kaya ya biya ya tafi. Wasu su ce dabarar masu sana'a ce, wasu su ce algus ne tsagwaronsa. Amsar tana ga irin giɓin da aka cusa kwaɓin a ciki.

Giɓi iri biyu ne

Akwai giɓin da ido kawai yake damuwa da shi. Ramin kan ƙusa, ɓantarewar da zarto ya yi a gefen falanki, gurbin kullin reshe, 'yar tsagar da ke kusurwar firam ɗin madubi. Ko an toshe su ko an bar su, kayan yana nan daram.

Akwai kuma giɓin da ke cikin haɗin da nauyi ke bi ta kansa. A ɗauki kujera. An fere ƙarshen sandar da ke kwance an yi mata harshe, an huda ƙafar kujerar an yi rami, an zura harshen a ciki. Duk sanda mutum ya zauna ya jingina baya, wannan harshen ne ke shan wahala, ana murɗa shi sama da ƙasa. In akwai sarari tsakaninsa da bangon ramin, abin da aka cika sararin da shi ne zai ɗauki murɗar. Haka gadon amarya, haka teburin 'yan makaranta mai haɗe da benci da yara uku ko huɗu ke lilo a kansa, haka ƙyauren da ake bugawa safe da yamma.

Tsofaffin kafintoci suna da gajeriyar hanyar rarrabewa. Yaro ya kawo haɗi yana tambaya, maigida ko ɗaga kai ba ya yi.

"Kai ɗan nan, ka sa gam?"

"A'a, maigida, ban sa ba tukuna."

"To girgiza shi haka nan a bushe. In ya motsa, sake shi. In bai motsa ba, toshe shi."

Sauran babin nan bayanin dalilin wannan maganar ne.

Abin da ke cikin robar gam

Farin gam ɗin da ake sayarwa a kasuwannin Gaya da Kamba da Dosso, wanda a ɓangaren Najeriya aka fi sani da sunan Top Bond, ba daga fata ko ƙaro aka yi shi ba. Sinadari ne dangin roba da wani Bajamushe mai suna Fritz Klatte ya gano a 1912, bai kuwa mamaye rumfunan kafintoci ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ke cikin robar ƙananan ƙwayoyin wannan sinadari ne suna yawo cikin ruwa, kuma wajen rabin abin da ka saya ruwa ne. In aka shafa shi, katako ya tsotse wani sashe na ruwan, iska ta kwashe saura, ƙwayoyin su matsu da juna su zama fata guda mai kama jikin itacen ta kowane gefe.

Ka ga ke nan gam ɗin yana bushewa ne ta hanyar ramewa. In fuskokin katako biyu sun haɗu tsaf, fatar da ta rage tsakaninsu ba ta wuce kaurin takarda ba, wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. A wannan siranta ramewar ba ta yin ɓarna, haɗin kuma yakan fi itacen kansa ƙarfi. Amma in sararin ya kai milimita 2 ko 3, gam ɗin ya cika shi yana ɗanye, ya bushe ya bar kogo da ƙananan tsagogi a ciki. Abin da ya rage ma ba dutse ba ne. Yana da ɗan taushi, yana ba da kai a hankali in nauyi ya daɗe a kansa, zafi kuma yana ƙara masa laushi. Ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Gaya ke haura digiri 40 a inuwa, ba wurin da za a dogara da dunƙulen gam ba ne.

To me garin katako yake ƙarawa? Yana hana gam ɗin zuba, yana rage masa ramewa don ya cike wani sashe na wurin da ruwa zai bari. Iyakar alherinsa ke nan. A gefe guda yana shanye ruwa da gam ɗin da ya kamata su jiƙa bangon haɗin su shiga ƙofofin itacen. Kwaɓi mai kauri yana zama ne a kan katako bai kama shi sosai ba. Magini ya san wannan a yaɓe: ƙasar da aka cuɗa da ciyawa tana toshe tsagar bango ta yi kyau, amma ba wanda zai ɗora azara a kan yaɓe ya ce ya yi ginshiƙi.

Wanda yake so ya gani da idonsa, gwajin ba shi da tsada. A samo guntayen falanki shida a haɗa su bibbiyu, gefe da gefe. Na farko a goge su su haɗu tsaf, a sa gam zalla a matse. Na biyu a bar sarari kamar kaurin tsinken ashana a cika da kwaɓi. Na uku a bar sararin nan amma a zura siririn katako a ciki da gam gaba da baya. Bayan kwana biyu a ɗora kowanne a kan dutse a sauke masa guduma. Na farko da na uku itacen ne zai yage, za ka ga zaren katako manne a jikin gam. Na biyu zai rabu ta tsakiyar kwaɓin, fuskarsa kamar an karya busasshen ƙuli.

Giɓin da kafinta bai yi ba

Sau da yawa kafinta ya yi aikinsa daidai, giɓin ya zo daga baya, mai kaya ya dawo yana faɗa. Nan sai an duba inda katakon ya fito.

A ɗauki Zabori misali. Tana gabashin jihar Dosso ta Nijar, cikin yankin Dallol Mauri, dab da iyakar Najeriya. A da tana ƙarƙashin Gaya, tun 2011 kuma aka haɗa ta da Karakara a sabuwar gundumar Junju. Ƙasa ce ta giginya, kuma mutanenta sun daɗe da sanin itace. Sai dai sanin nasu na azara ne da sassaƙa. Masassaƙi yana fitar da turmi ko akushi ko kujerar tsuguno daga gungume guda, ba haɗi balle gam. Azarar giginya kuwa jera ta ake yi a kan bango, gara ma tana shakkarta. Aikin falanki baƙo ne, falankin kansa ma baƙo ne. Farin katako da jan katako da ake yin gado da kabad da su daga dazuzzukan kudu suke zuwa, ko ta Benin su hau hanyar Kwatano da Paraku zuwa Malanbil su ƙetare kogin Kwara zuwa Gaya, ko ta Najeriya su shigo ta wajen Kamba. Rufe iyakar Benin da aka yi a 2023, wanda ya mayar da kaya ƙetarewa ta kwale-kwale maimakon gada, bai ƙara wa kafinta haƙurin ajiye falanki ya bushe ba. Abin da ya samu yau shi zai yanka gobe.

Falankin da ya sha iskar bakin teku, ko da mai sayarwa ya rantse ya bushe, yana ɗauke da ruwa kashi 15 zuwa 18 cikin 100 na nauyinsa. In ya zauna a ɗakin Zabori cikin Fabrairu ko Maris, lokacin da laimar iska ke sauka ƙasa da kashi 20, zai ci gaba da fitar da ruwa har ya tsaya wajen kashi 4 zuwa 6. Itace kuwa ba ya ramewa daidai ta kowane gefe. Tsawonsa kusan ba ya canzawa, faɗinsa ne ke tsukewa. Falanki mai faɗin santimita 30 yana iya rasa milimita 5 zuwa 8.

A koma ga kujerar nan. Harshen da aka fere mai faɗin santimita 5 zai rage da wajen milimita ɗaya, domin faɗin nasa ya gitta zaren itacen. Ramin da ke jikin ƙafa kuwa tsawonsa yana bin zaren ƙafar ne, don haka yana nan yadda aka huda shi. Haɗin da sai da guduma ya shiga a watan Satumba, ga shi yana rawa kafin hunturu ya fita, ba tare da kowa ya yi ha'inci ba.

Sannan damina ta dawo. Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, kuma a watan Agusta katako yana sake kumbura. Wannan ne ya sa ƙyauren da ke kaɗawa a rani yake ƙin rufuwa a damina. Wanda ya ga tsaga ta buɗe tsakanin falankan saman tebur a hunturu ya cika ta da abu mai tauri, ya hana itacen wurin komawa. Ko falankan su bankare, ko su murƙushe kwaɓin, in rani ya zagayo ya zube ƙasa gari-gari. Irin wannan tsagar mai buɗewa da rufewa da kanta ba a toshe ta, sai dai a rufe ta da siririn katako ta ƙasa, a kafe shi a gefe guda kawai.

Yadda ake kwaɓin in ya dace

A giɓin ido, kwaɓin gam da gari abu ne mai kyau, kuma ya fi arha nesa da abin toshi na gwangwani. Sai dai yadda yaran shago suke yin sa da garaje ne.

Garin da ke ƙarƙashin tebur bai dace ba. Akwai yashi a ciki, akwai ɓurɓushin itatuwa iri-iri, ƙwayarsa kuma ta yi girma. Wanda ake so shi ne ƙurar da samfefa ke fitarwa daga jikin katakon da ake aiki a kansa, a tara ta a takarda, in da hali a tankaɗe da tsohuwar rariya. A fara da gam kaɗan, a riƙa barbaɗa ƙurar ana juyawa har sai an ɗaga tsinke kwaɓin ya tsaya a kansa bai ɗiga ba, amma fuskarsa tana sheƙin danshi. In ya dushe yana wargajewa, gari ya yi yawa, a ƙara gam. Kafin a cusa, a laƙaci gam zalla a shafe cikin ramin, shi ne zai kama itacen, kwaɓin kuma ya kama shi. A cika ya ɗan yi tudu don zai faɗa. Rami mai zurfi a cika shi hawa biyu ko uku, kowane hawa ya bushe kafin na gaba, in ba haka ba sama ta yi ɓawo ciki yana ɗanye. A hunturu a kwaɓa kaɗan-kaɗan, don cikin 'yan mintuna yake fara daskarewa a murfin gwangwani.

Abu guda da ya kamata kafinta ya faɗa wa mai kaya tun farko: wurin da aka toshe ba ya shan launi kamar itace. A ƙarƙashin fenti ba a ganin sa. A ƙarƙashin man sheƙin da ke nuna zaren katako, zai fito tabo, galibi ya fi kewayensa duhu. Kuma kada a kwaɓa a gwangwani mai tsatsa ko a juya da ƙusa in jan katako ne, domin ƙarfe da ruwa in sun haɗu da ɗacin da ke jikin wasu itatuwa suna baƙanta su.

Ana zuba wasu abubuwan ban da garin katako. Fulawa da garin rogo suna sa kauri, har masana'antun da ke manna siraran katako hawa-hawa suna ƙara fulawa a nasu gam ɗin. Amma nasu wani sinadari ne daban, ana kuma gasa shi a injin matsi mai zafi. A rumfa, sitaci gayyatar ƙwari da fumfuna ne kawai. Siminti da yashi suna dakusar da bakin duk ƙarfen da ya bi ta kansu. Akwai kuma farin soson nan da ake tallafe firji da talabijin da shi a kwali, wanda ake narkarwa a fetur a liƙe yoyon kwano. Ya yi aikinsa a kan rufi, amma a haɗin kujera ƙamewa yake yi ya karye, ga shi kuma a rumfar da ke cike da garin katako, kusa da mai shayi da wutarsa.

Katako ake cike katako da shi

In haɗin ya motsa a bushe, maganinsa itace ne. Da farko a zare shi gaba ɗaya a kankare tsohon gam har sai farin itace ya bayyana. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ya sa kujera take komawa wurin gyara sau uku. Sabon gam ba ya kama busasshen tsohon gam, itace yake nema.

In sararin kaɗan ne, siririn ɓawon da ke fita yana nannaɗewa lokacin da ake goge falanki ya isa. A shafa gam a harshen, a naɗa ɓawon, a ɗaure da zare ya kwana, gobe a fere har ya shiga ramin da ɗan ƙarfi. In sararin ya fi haka, a yanko siririn katako a manna a kumatun harshen, zarensa yana bin zaren harshen, ya bushe a sake ferewa. Yanzu maimakon dunƙulen gam guda mai kauri, an sami siraran layuka biyu da itace a tsakaninsu, kowanne da cikakken ƙarfinsa.

In ramin ya huda ƙafar har waje, akwai hanyar da ta fi wannan. A tsaga bakin harshen da zarto, a zura shi, a buga weji na itace mai tauri a tsagar da ɗan gam a jikinsa. Harshen zai buɗe ya cika ramin. A lura da kwanciyar wejin: ya tura harshen sama da ƙasa, wajen tsawon ƙafar. In ya tura gefe da gefe, ƙafar za ta tsage kamar an sa mata gatari.

Akwai kuma ƙusar itace. A huda ƙafar ta ratsa ramin, a zura harshen a yi masa alama, a zare shi a huda nasa hujin ya ɗan goce da milimita ɗaya ko biyu zuwa wajen kafaɗarsa. In aka buga ƙusar itace mai tsini, sai ta jawo harshen ciki ta ƙulle. Da wannan dabarar kafintocin Turai suka haɗa ginshiƙan gidaje da ƙyamaren da suka shekara ɗaruruwa, wasu ba ɗigon gam a jikinsu. Guntun ƙirya ko maɗaci busasshe ya isa a fere ƙusar.

Matsi kuma ba sai da ƙarfen kanti ba. Tsohon tiyub na babur da aka yanka tsiri-tsiri yana matse kujera ta kowace kusurwa. A bar shi awa guda aƙalla, kada kuma a hau kayan sai ya kwana ya wuni.

Gam ɗin da aka yi don giɓi

Akwai lokacin da itace ba zai shiga ba, kamar ramin da ya rube ya zama ba siffa, ko karayar da ta tafi da ɓantare. Nan ne wurin gam mai tiyub biyu, wanda aka fi sani da Araldite, sunan da kamfanin Ciba na Suwizalan ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1940. Shi ba ruwa a cikinsa. Abu biyun ne ke haɗuwa su daskare, don haka kusan ba ya ramewa, kuma dunƙulensa yana da ƙarfin kansa. Shi kaɗai ne a cikin abin da kafintan ƙauye zai samu wanda in aka ƙara masa ƙurar katako zai cike giɓi ya kuma ɗauki nauyi. Masu ƙera jiragen ruwa na katako a ƙasashe da yawa haka suke yi da shi.

Yana da sharuɗɗansa. A auna biyun yadda aka rubuta, a gauraya su sosai kafin ƙura ta shiga, a fara shafa zallansa a jikin itacen. Yana ɗumama kansa in an tara shi wuri guda, a zafin bazara kuma sai ya daskare a hannunka, don haka a baje shi a kan kwali, a yi aikin da sassafe. Mai saurin kamawa cikin minti biyar bai kai mai jinkiri ƙarfi ba. A kiyaye fata da shi, yawan taɓa shi yana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Ga tsada: abin da zai cike haɗin gado guda ya kusa sayen sabuwar sanda, shi ya sa na fi ganin a ajiye shi don kayan da ba a iya sake wa gaɓa.

Sufa gulu da ƙurar katako suna toshe ƙaramin rami nan take, amma abin da suke bari gautsi ne da shi. Gam mai kumfa kuwa yana kumbura ya cika ko'ina, sai mutum ya ɗauka ya samu magani, alhali kumfar iska ce, farce ma yana lotsa ta. Farin gam kuwa in an ga D3 ko D4 a jikin robarsa, alamar jure danshi ce bisa ma'aunin Turai. Ya dace da ƙyauren da feshin ruwa ke taɓawa, amma a giɓi halinsa ɗaya da ɗan'uwansa.

Duk wannan gyara ne bayan aukuwa. Milimita ɗayan nan da harshen kujera ya rasa tsakanin Satumba da Maris, da a jikin falanki ya rasa ta tun yana jingine, kafin zarto ya taɓa shi, da ba a zo ga maganar kwaɓi ba. Babi na gaba zai duba yadda ake gane ɗanyen falanki a kasuwa ba tare da na'ura ba, yadda ake jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, da tsawon lokacin da farin katako da jan katako kowanne yake bukata kafin ya saba da iskar Dallol Mauri.